Yadda ƙaramin hafsa zai riƙe sojojinsa a yankin Fakku

Ka fito daga NDA Kaduna da tauraro ɗaya a kafaɗa, an turo ka Runduna ta 8 da ke Sakkwato, daga can aka ce ka bi ta Tambuwal ka nufi Fakku a yankin Kebbe. Sojoji wajen talatin za a danƙa maka, kashi uku, kowane kashi da kofur ɗinsa. Da yawansu sun girme ka, wasu sun yi Borno sun dawo.

Fara da sajenka. Ranar da ka sauka, kafin ka tara kowa, ku keɓe ku biyu. Tambaye shi wa ke ɓoye ciwo, wa alawus ɗinsa ya maƙale, wa ya daɗe rabonsa da iyali, wa ke rikicewa in wuta ta buɗe. Umarni naka ne, sanin mutanen nasa. In ya yi kuskure, gyara shi ku kaɗai. Hafsan da ya gwale saje a gaban kurata ya sare reshen da yake zaune a kai.

Sai dubawa da idonka. "An shirya, oga" magana ce kawai. Buɗe jakar magani, kira a rediyo ka ji an amsa, leƙa tankin mai, ka sa a tuɓe takalma ka ga ƙafafu. Da damina, in Gulbin Ka ya kawo ruwa fadama ta jiƙe, mota kafewa take yi, tafiya ta koma ta ƙasa, kuma sojan da tafinsa ya saɓule sai an ɗauke shi. Abinci in ya iso, kai ne na ƙarshen ci.

Na uku shi ya fi wuya, kuma shi aka fi sakaci da shi: mutanen gari. Je ka gaida mai gari da liman, ka je wurin arɗo ma, kada a ce sojan ɓangare ɗaya ne. 'Yan banga sun fi ka sanin kowane kwazazzabo, ka saurare su, amma kada su riƙe maka linzami. Tsohuwar rigimar gona takan zo maka a matsayin rahoton tsaro, don haka labarin mutum ɗaya bai isa ka kama kowa ba. Wanda kuwa ya kawo maka labarin gaskiya, kada a ga ƙafarsa a sansaninka da rana. Kai za a canja maka wurin aiki, shi nan zai ci gaba da kwana.

Kafin ku fita, kowa ya san inda za a je, dalilin zuwan, da wanda zai karɓi ragama in ka faɗi. Sa kofur ya maimaita maka da bakinsa.

In an buɗe muku wuta, muryarka suke jira. Gajarta magana: daga ina, wane kashi, me zai yi. Tsaya inda kake ganin sojojinka suna jin ka, ka bar jarumtar fim. Faɗa wa kwamandan kamfaninka abin da ka gani, ka ware shi daga abin da kake zato. Wannan ya fi nauyi in za ka nemi jirgi. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi bisa kuskure, mutane da dama suka rasu. Taron mutane da babura a daji ba lallai 'yan bindiga ba ne; yana iya zama 'yan kasuwa ko masu gudun hijira.

Da ƙura ta lafa, ƙirga mutanenka, sannan makamai. Wanda aka kama, a miƙa shi sama da ransa da lafiyarsa. Bi sawun mai rauni har ka ji asibitin da aka kai shi, ka rubuta rahoto a daren, ka sa sunan kurtun da ya yi ƙoƙari a ciki.