Rariyar da za ka saya

Ɗana, na ga takardar da ka aiko min, wadda ka jera manhajojin tantance bayanai kana tambaya wacce za ku jona wa Airflow a ofishinku na Nasarawa GRA. Ka yi ƙoƙari. Sai dai na lura kana ƙirga wacce ta fi yawan alamar "tana iyawa", kamar mai sayen rariya da bai duba garin da zai tankaɗe ba.

Fara da inda bayananku suke kwana. In sun riga sun shiga rumbun PostgreSQL, kuma kuna sarrafa su da dbt, to gwaje-gwaje huɗun da take zuwa da su za su kai ka nesa: kada a bar gurbi, kada lamba ta maimaitu, kada a shigar da abin da ba ya cikin jeri, kada a ambaci mazaɓar da babu ita a teburin mazaɓu. Amma dbt sai kaya sun shiga rumbu take dubawa. In so kake a tare su tun a bakin ƙofa, lokacin da fom ɗin ODK ko KoboToolbox ya iso daga ƙauye, Pandera ta fi dacewa. Deequ ta Amazon kuwa sai da Spark, ku kuma janareta kuke lallaɓawa, ka cire ta kawai. Great Expectations tana aiki da pandas da SQL da Spark, tana kuma fitar da rahoton da shugabanka zai karanta ba sai ya san Python ba. Nauyinta shi ne saiti, kuma fitowar 1.0 a 2024 ta sauya abubuwa da yawa, don haka tsofaffin darussan intanet za su iya ɓatar da kai.

Ga abin da takardarka ba za ta nuna maka ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. In ma'aikaci ya juya lambobin nan biyu, sai asibitin Fagge ya tashi ya koma wajen Ganye a jihar Adamawa. Gwajin da ke tambaya "yana cikin Najeriya?" zai ce lafiya lau. Na taɓa kwana uku ina neman irin wannan kuskure, har yau ban manta ciwon kan ba. To ka tambayi kowace manhaja: za ta bar ni in rubuta dokata, in ce wannan wuri dole ya faɗa cikin iyakar ƙaramar hukumarsa? Ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ba wasa ba ne. Ga Nasarawa da Nassarawa, ga ta Kano ga jihar Nasarawa, ga Ɗambatta da wani zai rubuta Danbatta. Masu aikin rigakafin shan-inna a garin nan, irin su eHealth Africa da suka bi sawun masu allura da GPS, da irin waɗannan ƙananan abubuwa suka yi ta fama kafin a kai ga sanarwar kawar da cutar a Agustan 2020.

Sai kuma abin da zai faru in gwaji ya faɗi da ƙarfe biyun dare. Wani kuskuren ya isa a tsayar da komai, wani kuwa gargaɗi ya wadatar. Manhajar da ba ta bambance su ba, cikin wata ɗaya za ku gaji ku kashe ta.

Gani ya kori ji. Ka ɗauko bayanan watan jiya, ka dasa kurakurai goma da hannunka, ka ba manhajoji biyu ka ga wacce za ta kama. In Allah ya kai mu Juma'a, ka biyo da sakamakon bayan masallaci mu duba tare. Ka gaida mutan gida.