Filin Shawarwari: Injin motarmu ya fara shan mai, in buɗe shi ko in sayi wani?



Ni direba ne a Ajekoriya, cikin gundumar Dakwaro. Muna da Hilux mai shan gazuwal, mai turbo, wadda injinta 2KD ne. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saye ta shekara huɗu da suka wuce, shi da kuɗin shanunsa, ni da abin da na tara a Agadas. Da ita nake ɗaukar hatsi da awaki da fasinja zuwa kasuwannin Dakwaro da Kornaka da Sabon Mashi, wani lokaci har Maraɗi. Gidaje biyu ne ke ci daga jikinta.

Tun bayan damina ta fara canzawa. Da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita daga salansa, kuma duk tafiya biyu sai na ƙara litar mai. In ta shiga rairayi da kaya, ƙarfin nan da na sani babu shi. Turbon ma yana wani kuka kamar busar sarewa.

Na je wurin mutum uku. Wani makaniki a nan kusa ya ce ring kawai zai canja, jika 250, kwana biyu in ɗauki motata. Wani a Maraɗi ya ce sai an sauke injin an yi masa aiki gaba ɗaya, wajen jika 900, kuma bai sa turbo a lissafin ba. Wani dillali ya ce in daina wahala, yana da inji okaziyon, miliyan 1 da jika 800. Yayana ya fi son na farko domin ya ce ba zai sake sayar da saniya ba. Ƙanenmu kuma, mai yawan kallon bidiyon motocin Amurka a waya, cewa yake tunda za a buɗe, a sa babban turbo a ƙara mata ƙarfi. Malam, kaina ya kulle. Me zan yi?

Direba daga Ajekoriya

*

Ƙanena,

Na karanta takardarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutum uku sun faɗa maka farashi, amma babu ko ɗaya da ka ce ya auna injin. An rubuta maka magani ba a duba ka ba. Kafin ku yi gardamar kuɗi da yayanka, ku nemi amsar tambaya guda: me ya kashe wannan injin? In ba ku gano ba, duk wanda kuka ɗora, gyararre ne ko saye, abin da ya ci na farko zai ci shi.

A ƙasarku babban wanda ake zargi shi ne ƙura. Duk wanda ya bi hanyoyin rairayi na arewacin Maraɗi da rani, ko lokacin hunturu da iska ke tashi, ya san abin da inji ke shaƙa. Filtar iska ta jabu, ko wadda aka yi ta hura wa iska da famfo har takardarta ta tsage, ko tiyo mai ɗan fashewa tsakanin filta da turbo, ya isa. Yashin ya fara cin fukafukan turbo, ya wuce ciki ya goge ring da bangon silinda kamar ana wanke tukunya da toka. Ka cire tiyon da ke shiga turbo, ka shafa yatsa ciki. In ka ji ƙasa-ƙasa, ka kama ɓarawonka.

Na biyu, kuma mutane da yawa ba su san shi ba, wata ƴar wasar tagulla ce da ke ƙarƙashin kowace nozul. A injunan Toyota na wannan zuriya, 1KD da 2KD, in ta saki, hayaƙin konuwa na ɓullowa ya haɗu da man inji, ya zama baƙin dunƙule ya toshe rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta. Mai ya ragu a sama, turbo da kusine su fara gogayya a bushe. Sai an sauke kaskon mai na ƙasa ake ganin wannan. Ka sa a sauke shi a gabanka.

Yanzu ga abin da zan so a yi kafin a taɓa kilas, wato kan inji. A auna matsin kowace silinda da ma'auni, a rubuta lambobi huɗun a takarda ka riƙe. A buɗe murfin zuba mai inji na aiki: in hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar da ta tafasa, da alama ring sun tafi. A kama sandar turbo da yatsa a girgiza: in tana wasa gaba da baya, ko fukafukan na taɓa bango, turbo ya mutu. A duba akwatin sanyaya iska da ke tsakanin turbo da inji, ko mai ya taru ciki. Ina nanata wannan ne domin turbo kaɗai yana iya kawo kusan duk abin da ka lissafa, hayaƙin shuɗi da shan mai da rashin ƙarfi da kukan nan. Sandarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma man injin ne shimfiɗarta. In ta lalace, sai ta riƙa tura mai cikin iska. Na sha ganin an buɗe inji lafiyayye an kashe kuɗi, alhali ciwon yana waje. Wahalar tashi da safe ce kawai ke sa ni jin cewa naka ya shiga ciki, domin wannan alamar raunin matsi ce, ko da yake matattun filogin ɗumama inji ma na kawo ta.

Kada ka ci gaba da ɗaukar kaya da ita a haka. Injin gazuwal in ya sami mai da yawa ta hanyar iska, yana iya ɗaukar gudu da kansa, ka zare makulli ya ƙi mutuwa har ya farfasa kansa.

Sai zaɓin naka uku.

Canjin ring kaɗai ba zamba ba ne, yana da wurinsa. Amma sai in an auna bangon silinda an ga bai faɗaɗa ba kuma bai zama kamar ƙwai ba. Ring sabo zagayayye ne, in aka sa shi a rami da ya karkace ba zai taɓa zama ba. Motar za ta yi maka kyau wata biyu ko uku, ka ji daɗi, sannan hayaƙi ya dawo daidai lokacin da kaka ta kama kowa na neman mota. A nan jika 250 ɗin sun tafi, ga na babban aikin yana jira. Ka gaya wa yayanka wannan da ladabi, domin tsoronsa gaskiya ne: saniyar da aka sayar ba ta dawowa da sauƙi. Amma araha ba ta ado.

Inji okaziyon kuwa sayen abu ne cikin buhu. Wani yakan dace ya samu wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari da ƙuruciyarta. Wani kuma ya kai gida wanda aka wanke da gazuwal aka fesa masa fenti, cikinsa ya fi nasa tsufa. Ka tuna 2KD ya fito tun 2001, saboda haka mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa sun sha hanya. Kuma tun rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, hanyar Kwatano da kayan mota suka saba biyowa ta rikice, dillalai na da hujjar ɗora farashi. In har nan ka nufa, a Maraɗi ne ko a Kofar Ruwa ta Kano, kada ka biya sai an tayar da shi ka ji, an auna matsinsa, an sauke kaskonsa ka gani, an rubuta maka sharaɗin mayarwa a gaban shaida, kuma an ba ka rasit mai lambar injin da takardar duwan. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da nozul da famfo da turbo, domin sau da yawa gangar jiki kawai ake nufi.

Ni in motata ce, na tsakiya zan ɗauka, wato aikin gaba ɗaya da mutumin Maraɗi ya faɗa, da sharaɗin gangar injin ba ta tsage ba kuma karanshaf zai karɓi gyara. Dalili kuwa, injin da ka sani ya fi wanda ba ka sani ba, kuma kowane ƙarfe sabo da ya shiga, da idonka ya shiga. Amma jika 900 ɗin nan ba lissafi ba ne tukuna, magana ce. Ka sa ya rubuta maka dalla-dalla: fistan da ring, kusine, gasket, famfon mai, belin taimin, aikin injin yanka in za a faɗaɗa silinda ko a goge karanshaf, gwajin kilas, gwajin nozul, ladan hannunsa. Ka ƙara turbo, ka ƙara wankin lagireto da na akwatin sanyaya iska, ka ƙara tiyon da ke kai wa turbo mai, wanda ake yawan mantawa har ya kashe sabon a sati guda. Ka ƙara kwanakin da motar za ta yi kwance ba ta kawo ko dala. Bayan wannan, ka ajiye wani abu a gefe, domin ba a taɓa buɗe inji ba a tarar da baƙo ba. In jimillar ta matso kusa da kuɗin okaziyon mai shaida, to sai a sake zama.

Wurin zaɓen makaniki, ka dubi wurin aikinsa kafin bakinsa. Yana da sifana mai awo da ake ɗaure kusoshin kilas da ita, ko da ƙarfin dantse yake ɗaurewa? A kan tebur yake haɗa inji cikin ɗaki, ko a ƙasa cikin rairayi iska na kaɗawa? Wannan injin yana tura gazuwal da matsin da ya haura bar 1,000, ƙwayar yashi ɗaya tana lalata nozul. Kayan gyara kuma ka je saye tare da shi, ka karɓi tsoffin da aka cire.

Maganar ƙanenku, ka saurare shi amma kada ka bi. Masu irin su Mustang da yake kallo, sukan canja fistan da sanduna da hanyar sanyaya inji gaba ɗaya kafin su ƙara wa turbo matsi, kuma motarsu ba ta ɗaukar buhun gero ashirin a zafin watan Afrilu. Ƙarin matsi ƙarin zafi ne, zafi kuma shi ke tsaga fistan. Ku mayar da irin turbon da ta zo da shi.

In Allah ya sa an gama, kilomita dubu na farko kada ka cika mata kaya, ka juye mai da wuri ka canja filta. Gazuwal kuma ka fi sha a gidan mai, in dole ta sa ka sayi na jarka ka tace shi. Duk lokacin da ka iso daga doguwar tafiya, ka bar ta tana aiki minti biyu kafin ka kashe, turbo ya huce. Ka kai yayanka Maraɗi ranar da za a auna injin, ya ga lambobin da idonsa, sannan ku yanke shawara tare. Ka gaishe mini da shi.