Wane Takalmi Ya Kamata Mai Babur Ya Sa?

Wani matashi daga Kparatao, kusa da Sokode a ƙasar Togo, ya aiko mana da tambaya. Ya ce kullum a kan babur yake shiga Sokode neman abinci, wani lokaci kuma yakan kai saƙo har Dapaong. Hular kwano yana da ita, amma a ƙafa silifa ce. Abokinsa ya ce ya nemi but irin na soja, wani ya ce ai mai ƙarfe a hanci na ma'aikatan gini ya fi, wani kuma ya tsorata shi da cewa ƙarfen na guntule yatsu idan aka faɗi. Shi ne yake so ya ji wanne zai saya, a wannan zafi namu, ba tare da ya zubar da kuɗinsa a banza ba.

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, domin yawancin masu babur sai ƙafa ta sha kwalta suke tunawa da ita. Kuma daga garin mahaya ka fito. A Kparatao ne Uro Jobo Bukari, babban sarkin Kotokoli, ya zauna a ƙarshen ƙarni na 19, kuma an san ƙasar da mayaƙan doki da ake kira Semasi. Wanda ya taso cikin masu doki ya san ba a hawa sai an shirya. Dubi mahaya a hawan sallah a Kano ko Katsina, za ka ga da yawa da dogon takalmin fata a cikin likkafa. Babur ya fi doki gudu, kwalta kuma ta fi rairayi ci.

Mu fara da abin da ke samun ƙafa. Idan babur ya kwanta, ƙafar da ke ɓangaren da ya faɗi ita ke shiga ƙarƙashinsa, kuma irin baburan da ke yawo a Togo, su Haojue da Sanya da Apsonic, yawancinsu sun haura kilo 100 tun kafin a ɗora kaya. Nauyin ya danne ƙafa, kwalta ta goge ta, salansa mai zafi ta lasa ƙwauri. Wurin da ya fi shan wuya shi ne idon sawu, don ƙashi ne a fili, ba tsokar da ta rufe shi. Silifa kuwa tun kafin jiki ya taɓa ƙasa ta riga ta yi nata waje. Kambas ma da sau-ciki sukan fice, tunda ba abin da ya riƙe su a sama da diddige. Saboda haka sharaɗin farko, wanda ba na sassauci a kansa, shi ne takalmin ya wuce idon sawu, ya kuma ɗauru yadda ba zai zare ba ko an fizge shi.

Kana iya gwada sauran da hannunka a gaban mai kaya. Kama hancin takalmin da hannu ɗaya, diddigen da ɗaya, ka murɗa kamar mai matse wanki. Idan ya murɗu cikin sauƙi, haka ƙafarka za ta murɗu a cikinsa, ajiye shi. Sai ka matsa gefe da gefen tafinsa, ka ga ko zai lotsa. Danna bayan diddige da babban yatsa, ya kamata ka ji tauri kamar ƙoƙo. Laluba daidai idon sawu ciki da waje, na kirki yana da wani faifai mai tauri ko matashi a ɓoye a wurin. Ka juya shi ka dubi ƙasan: roba mai zane kake so, wadda ba ta santsi a kan ruwa ko baƙin mai, da ɗan tudun diddige da zai kama matakin babur. Wanda aka ɗinke tafinsa ya fi wanda gam kaɗai ya riƙe, don zafin injin da na rana suna sakin gam.

In ka ci karo da na Turai a cikin gwanjo, ko a babbar kasuwar Sokode ko a Hedzranawoe ta Lome inda ake sauke dilolin, leƙa cikinsa. Takalmin da aka yi domin babur yana ɗauke da ɗan hoton mutum a kan babur, da alamar CE, da rubutun EN 13634. Wannan lambar ƙa'idar gwaji ce ta ƙasashen Turai. A tsarin 2017 lambobi huɗu ne a jere, kowace 1 ko 2: ta farko tsawon takalmin, ta biyu jure gugar kwalta, ta uku jure yanka, ta huɗu jure dannewa ta gefe. Mataki na 2 ya fi na 1. A gwajin dannewa, na 1 yana jure nauyin da ya kai kimanin kilo 100, na 2 kimanin 150. Idan ka ga IPA, an gwada kariyar idon sawu ke nan, IPS kuma ta ƙwauri. Sai dai na gwanjo yana da tarko guda. Tafin da ya daɗe a ajiye yakan ruɓe daga ciki ko da yana ƙyalli, ya dagargaje bayan mako ɗaya. Lanƙwasa shi sosai ka ga ko zai tsage, ka kuma ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa.

Abokinka mai shawarar but ɗin soja bai yi kuskure ba. Wani bincike da aka buga a 2011 a Ostareliya, kan mahaya 212 da suka yi hatsari, ya nuna cewa ko but na yau da kullum, wanda ba don babur aka yi shi ba, ya rage raunin ƙafa sosai idan aka kwatanta da gajeren takalmi. Aibinsa igiya ce. Madaukin igiya na iya sarƙewa a giya ko a birki, ka zo tsayawa ka kasa sauke ƙafa. Ɗaure ta sau biyu ka cusa bakinta ciki. Zancen ƙarfe na guntule yatsu kuwa, tsoro ne ya fi yawa a cikinsa: nauyin da zai lanƙwasa ƙarfen nan, da ba ya nan ma niƙe yatsun zai yi. Abin da ya kamata ka duba shi ne kaurin hancin, ko zai shiga ƙarƙashin giya ba tare da wahala ba, kuma ka tuna an yi shi ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don jan ƙasa ba. Dogon takalmin roba na shiga fadama kam, bar wa manoma abinsu.

Na san abin da ke ranka, zafi da alwala. A watan Maris da Afrilu, tsakanin Mango da Dapaong, ko a inuwa mutum gumi yake. Takalmin da ya dame ka a ƙarƙashin gado zai ƙare, don haka kada ka sayi dogo har gwiwa irin na masu tsere. Wanda ya wuce idon sawu da kamar faɗin yatsu huɗu, mai zif a gefe da maɗauri a kansa, ya ishe ka. Sa safar auduga, tana shan gumi. Ka ɗaure silifarka a bayan babur, in ka isa masallaci ko ka sauka a kasuwa ka sauya. Kada kuma ka ce sai ranar doguwar tafiya za ka sa. Gaskiya ne hanyar Dapaong kusan kilomita 300 ce daga Sokode, ga hawan Alejo da na Defale, ga tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Lome zuwa Burkina Faso. Amma akuyar da za ta gifta maka ko yashin da zai ja tayarka suna nan a 'yan kilomitocin da ke tsakanin gidanku da Sokode.

Je kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Yatsu su sami wurin motsi, diddige kada ya riƙa ɗagawa idan kana tafiya. Roƙi mai kaya ya bar ka ka hau babur da shi a ƙafa, ka taka birki, ka ɗaga giya. Idan kuɗinka bai kai na mai alamar CE ba, sayi but na fata mai kauri, ka kai wa baduku ya ƙara ɗinki a tafin, ya liƙa ƙyallen fata a saman ƙafar hagu inda giya ke ci. Allah ya kiyaye hanya, ɗana. Ka gaishe min da mutanen Kparatao, kuma in ka saya ka rubuto mana irin wanda ka samu.