Darasi: Mai Jego Tsakanin Goyo da Wurin Aiki

A dā, mace idan ta haihu ba ta zama ita kaɗai. Uwarta ko gwaggonta takan zo ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunu, har a yi arba'in. Bayan haka sai ta saɓa ɗanta a baya ta koma gona, ko kasuwa, ko bakin murhu, yaron yana sha duk lokacin da ya nema, har a yaye shi wajen shekara biyu. Aiki da reno ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Abin da ya raba su shi ne aikin albashi, wanda yake da lokacin shiga da na tashi, kuma ba a zuwa masa da goyo.

Lissafin da bai daidaita ba

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Amma sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ya ba ma'aikaciya, 6 kafin haihuwa, 6 bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin aikin. Wato wadda ta ɗauki hutun yadda aka tsara shi za ta koma aiki jaririnta bai cika wata biyu ba. Wannan bai kai ko mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a yarjejeniyarta ta 2000 ba. Ba mamaki binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba ake ba su nono zalla, ko da yake al'adar ba jariri ruwa ita ma tana da nata laifin.

Wasu jihohi sun gyara. Legas ta mai da hutun wata 6 ga ma'aikatanta a 2014, Kaduna ta yi haka a 2019. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza ma'aikatanta waɗanda matansu suka haihu. Amma malamar makarantar kuɗi da mai aikin banki ba su cikin wannan rabo, abin da takardar ɗaukarsu aiki ta faɗa shi ne ke binsu. Don haka ya kamata mace ta karanta takardar tun kafin ciki ya tsufa. Ta kuma san cewa doka ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana, ta kuma hana a sallame ta tana cikin hutun haihuwa.

Zama ko komawa

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke zaune a Mararaba, ofishinta yana tsakiyar Abuja, mahaifiyarta kuwa tana ƙauye a Filato. Za ta fita da asuba saboda cunkoson hanya, ba za ta dawo ba sai duhu. Rabin awan da doka ta ba ta ba shi da amfani, domin yaron yana nesa. Idan ta cire kuɗin mota, da na gidan reno, da na madarar gwangwani, abin da zai rage a albashin ba lalle ya kai wahalar ba. Nan ne mutane sukan yi saurin cewa ta ajiye aikin.

Sai dai lissafin wata ɗaya ba shi ne lissafin rayuwa ba. Goyo na shekara biyu ne, aikin da aka bari kuwa ba a cika samunsa kuma ba, balle na gwamnati. Tare da shi fansho yakan tafi, da ƙarin girma, da ƙwarewar da aka sha wuya aka samu. Gidan da ya dogara ga albashi ɗaya kuma, ciwo ko sallama ko rasuwar maigida sukan girgiza shi a dare ɗaya. Wadda ta zauna ba malalaciya ba ce, gama reno aiki ne da ba a tashi daga gare shi. Wadda ta koma kuma ba son kuɗi ya raba ta da ɗanta ba. Sau da yawa albashinta ne ke biyan kuɗin makarantar yayyensa. Abin takaici shi ne mata 'yan'uwansu ne suka fi yi wa kowacce gori.

Wadda za ta koma tana iya tatsar nono a kofi mai tsabta da murfi. Yakan kai awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firiji, amma inda wuta ke yawan ɗaukewa kada a dogara ga firijin. Ba yaro da kofi ya fi bulumboti, domin kofi ya fi sauƙin wankewa. Neman haɗa hutun shekara da na haihuwa shi ma yakan ƙara 'yan makonni.

Hannun da za a bar yaron

Hanyar da gidaje da yawa suke bi ita ce a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara goma ta yi reno. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Ko da ba doka, ba daidai ba ne a hana 'yar wani karatu domin ɗan wani ya sami mai goyo, kuma yarinyar da ba ta san zazzaɓi mai haɗari ba, ba a barinta da jariri wuni guda.

Maigida kuwa ba baƙo ba ne a cikin maganar. Mijin da ya ce wa matarsa ta zaɓa, sa'an nan ya juya ya yi barcinsa yaro yana kuka da tsakar dare, bai bar mata zaɓi ba. Kai yaro rigakafi, wanke kayansa, ɗauko shi daga gidan reno, babu wanda sai mace ce za ta iya. Idan kuwa sun yarda ta zauna a gida, su yanka tun farko wata nawa ne, nawa za a riƙa ware mata na hannunta daga albashinsa, da kuma sana'ar da za ta riƙe kafin yaron ya isa shiga makaranta.