Shuɗiyar Fitilar Likitan Haƙori

A hutun da ya wuce, duk lokacin da na sha ruwan randa ko na sha rake a gidanmu a Kutemeshi, sai wani turmina na ƙasa ya yi mini tsam, sa'an nan ya lafa. Aka gwada kanumfari, aka gwada ruwan gishiri, ba a dace ba. Daga bisani Kawu ya ɗauke ni muka tafi Zariya wurin likitan haƙori. Abin da na koya a can shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Likita ta duba ta ce haƙorin ya yi kogo mai zurfi, amma ciko za a yi, ba cirewa ba. Bayan ta yi mini allura ta share ruɓar, sai ta sa wani farin ƙulli mai danƙo a cikin ramin, ta haska masa wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Ta haska ta tsaya, ta hura iska, ta ƙara ƙulli kaɗan, ta sake haskawa. Kawu kuwa hankalinsa yana kan mota, domin ba wanda yake son dare ya yi masa a hanyarmu. Ya ce, "Likita, ba a haskawa gaba ɗaya a huta?" Ta ce, "Baba, in na yi haka ina iya dafa masa ɓargon haƙori."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, na yi ta tambaya da karatu har na gane ta.

Haƙori dai hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, akwai ƙashin haƙori a ƙarƙashinsa, sa'an nan can ciki akwai ɓargo, watau nama mai taushi wanda jijiyoyi da hanyoyin jini suke ciki. Ɓargon nan a kulle yake cikin ɗaki mai tauri. In ya kumbura ba shi da wurin buɗawa, shi ya sa ciwonsa yake hana barci, wani lokaci ma ya mutu.

Shi kuwa farin cikon ba ya daskarewa sai shuɗin haske ya same shi, kuma zafi yana fitowa ta hanya biyu. Fitilar kanta tana da zafi. Cikon ma yana fid da nasa yayin da yake daskarewa, kamar yadda kankare yake ɗumi in an zuba shi. A shekarar 1965 wasu masana biyu a Amurka, Zach da Cohen, sun gwada zafi a haƙoran birai. Da zafin ɓargo ya ƙaru da digiri 5.5 kawai a ma'aunin Salsiyas, kashi 15 cikin ɗari na haƙoran ɓargonsu ya mutu. Da ya ƙaru da wajen digiri 11, sai ya zama kashi 60. Binciken da aka yi daga baya ya nuna haƙorin mutum yakan jure fiye da haka, gama jinin da yake gudana a ciki yana kwashe zafi, amma har yanzu likitoci suna kiyaye wannan iyaka. Abin mamaki, allurar kashe ciwo mai ɗauke da adiranalin tana rage gudun jinin nan, ga shi kuma majinyaci ba zai ji zafin ba balle ya yi magana.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin ƙashin haƙori. Kowa ya san bambancin ɗakin soro mai kaurin bango da ɗakin kwano a watan bazara. To, ƙashin nan shi ne bangon da yake tsare ɓargo. In kogo ƙarami ne, bangon yana da kauri, zafin fitila ba ya isa ciki sosai. In an bar ruɓa ta ci ta ci, sai bango ya koma kamar takarda. Nawa saura ƙiris, don haka likita ta fara shimfiɗa wani magani a ƙasan ramin, ta riƙa sa ciko kaɗan-kaɗan, kaurin kowane bai wuce milimita 2 ba, tana haskawa kamar daƙiƙa 20, tana barin haƙori ya huce. Rage hasken ma ba mafita ba ne, domin cikon da bai daskare sosai ba yakan lalace da wuri.

Da za mu tafi ta ce ɗan tsam na 'yan kwanaki ba kome ba ne. Amma in ciwo ya riƙa tashe ni da dare, ko shayi mai zafi ya sa shi zugi mai daɗewa, ko dasashi ya kumbura, to, in komo da gaggawa. Mun sami motar ƙarshe da ƙyar, Kawu yana ta mita. Ruwan sanyi ya dame ni kwana biyar, daga nan shiru, kuma da turmin nan nake tauna masara yanzu.