Darasi: Renon Tsiron Mai-Kunya Daga Iri a Cikin Gida

Cikin sana'o'in da mace za ta yi ba sai ta fita ba akwai renon tsirrai na ado. Yau za mu ɗauki guda ɗaya, wanda masana ke kira Mimosa pudica. Mu a nan mai-kunya za mu ce masa, don da an taɓa ganyensa sai ya naɗe, bayan 'yan mintuna ya sake buɗewa. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Abu ne mai jan ido, amma fa ba abinci ba ne, saboda haka kada wata ta ci bashin asusu a kansa tun yanzu. Ta fara da leda goma, ta ga ko akwai masu saye a kusa da ita.

Duk wahalar tana wurin irin. Ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da wuri. In kika shuka shi haka nan, sai ki yi ta jira har ki ce an sayar miki da mataccen iri, alhali lafiyarsa lau. To, ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, ya kwana. Wanda ya kumbura ki shuka. Wanda bai kumbura ba, ki ɗan goga gefensa a jikin dutse, kaɗan dai, ki mayar da shi ruwa.

Ledar fiya wata ma ta isa: ki yanke samanta, ki huda ƙasan, ki zuba ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada ki binne irin da zurfi, ki ɗan yayyafa masa ƙasa kawai. Ki ajiye kusa da taga inda haske yake, ƙasar ta zauna da laima amma kar ta caɓe, don yawan ruwa ne ke ruɓar da ƙananan tsirrai. In da ɗumi, yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Da hunturu yakan yi jinkiri, gara a jira sanyi ya wuce.

In ya girma yana da ƙaya, a ja wa yara kunne, duk da na san ba za su daina taɓa shi ba. A kuma nisanta shi da awaki, yawan cinsa na cutar da dabbobi. Kada a zubar da ragowar irin a gona ko fadama, yana bazuwa ya zama ciyawa mai wuyar nomewa.

Kafin taro na gaba, kowace ta rubuta iri nawa ta shuka, nawa suka fito, da abin da ta kashe.