Amsoshin Tambayoyinku: Hali, Ɗabi'a da Mutunci

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta tambaya ko hali da ɗabi'a da mutunci duk abu ɗaya ne.

Malama, 'yan gida ɗaya ne, amma kowanne da ɗakinsa. Hali shi ne abin da ke bin mutum duk inda ya shiga. Wani mai saurin fushi ne, wani mai kunya, wani kuwa ba ya iya wuni bai yi hira ba. Halin ne masana halayyar ɗan Adam suka fi nazari. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert a Amurka suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamus, daga baya wasu masanan suka tace halayen zuwa manyan rukunai 5, ciki har da son cuɗanya da saurin damuwa.

Ɗabi'a kuwa tarbiyya ke gina ta, shi ya sa take gyaruwa. Ina jin takaici in aka ce yaro mai shiru-shiru ba shi da ladabi, alhali halinsa ne kawai.

Mutunci daraja ce a idon jama'a, ana kare shi, ana kuma zubar da shi.